Cibiyar ruƙiyyar da muka kai Autarmu: abin da na gani cikin wata huɗu

Tun da Autarmu ta samu sauƙi ta koma makaranta, duk walima ko sunan da na je sai wata ta ja ni gefe ta rage murya ta ce, "Malama, don Allah ina kuka kai yarinyar nan?" Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta ta gaba ɗaya. Ba zan kama sunan wurin ba, domin zan faɗi alherinsu, zan kuma faɗi inda suka gaza. A Kano yake, irin cibiyoyin nan da suka cika gari yanzu: kantin magungunan Musulunci a gaba, ɗakunan ruƙiyya a baya. Wata huɗu muka yi muna zuwa.

Ummanmu ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Auta, mai shekara 19, ita ta yi jinyarta, ita ke kwana a kan tabarma a gefen gadonta har ranar da rai ya yi halinsa. Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, tana wanke-wanke a tsakar gida da almuru, sai ta tsaya cak ta ce tana jin ƙaurin wani abu na ƙonewa. Ta ƙura wa bango ido tana motsa baki kamar mai tauna, sannan ta yanke jiki ta faɗi. Jiki na jijjiga, kumfa a baki, ta ciji harshe har jini. Da ta farfaɗo ba ta san abin da ya faru ba, abu ɗaya ta iya tunawa: kafin ta faɗi ta ji kamar Umma na tsaye a bayanta.

Wannan maganar ita ta hargitsa gidan. Gwaggo ta ce fatalwar Umma ce, ta tafi da begen yarinyar a ranta, so take ta ja ta su tafi tare. Ta sa aka garƙame ɗakin Umma da kwaɗo. Kawu ya ce akwai hannu a ciki, tunda ana batun rabon gado. Maƙwabciyarmu ta ce mutanen ɓoye ne, wataƙila ta zuba ruwan zafi a kwata ba bisimilla ta ƙona musu yaro. Wata kuma ba ta ce komai ba, sai dai ta hana 'ya'yanta shan ruwa a kofin da Auta ta sha.

Ni na yi imani da aljanu, babu ja a nan. Sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi, kuma Allah ya ce bai halicce su da mu ba sai don bauta. Fatalwa kuwa na taso da labarinta, dogon farin abu a hanyar maƙabarta, ƙafa ba ta taɓa ƙasa. A Islamiyya an koya mana cewa wanda ya mutu ba ya dawowa. Amma abin da ke ka daban, abin da ke ƙirji da tsakar dare daban. Ni ma na daina bi ta ƙofar ɗakin Umma bayan Magariba.

Kafin cibiyar nan mun fara zuwa wani wuri da maƙwabciya ta kwatanta mana. Mutumin ya tambayi sunan mahaifiyar Auta, ya karɓi ɗankwalinta ya auna da taƙi, ya ce sai an yanka baƙin bunsuru. Sannan ya ɗauko bulala ya shiga zabga mata a tafin ƙafa, wai aljanin yake duka, ita ba ta ji. Tana ji. Kwana uku ba ta iya taka ƙasa sosai ba. Na san hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta kwana 40, kuma da ƙafata na je. Har yau ina istigfari a kan wannan tafiya.

Cibiyar da nake magana a kai wani abokin aikin maigidana ne ya nuna mana. Ranar Asabar muka fara zuwa, kuma kuskure ne, don mun yi kusan awa uku a kan benci. Ana yankar kati naira 1,000, mace ce ke rubuta suna a ɓangaren mata. Wurin a share yake, banɗaki da ruwa da butoci, hayaƙin habbatus sauda da ƙamshin miski sun kama ko'ina har mayafinka ya ɗauka. Idan aka ɗauke wuta ƙarar janareto tana hana jin kiran suna, sai ka kasa kunne.

Malam babba dattijo ne, ba ya ganin mace sai da muharraminta, ƙofa kuma a buɗe. Can nesa ya zauna a ƙarshen darduma, bai taɓa Auta ba ko da yatsa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tambayoyinsa, kusan rabin awa yana yi. Da wane lokaci take faɗuwa? Minti nawa take yi? Tana cizon harshe? Fitsari yana kuɓuce mata? Tana tuna abin da ya faru? Ta taɓa buguwa a ka? Tana yarinya zazzaɓi ya taɓa sa ta jijjiga? Awa nawa take barci? Bai tambayi sunan uwarta ba, bai tambayi wanda muke zargi ba. Daga nan ya fara karatu: Fatiha, farkon Baƙara, Ayatul Kursiyyu, Amanar Rasulu, ayoyin da suka yi maganar sihiri a A'arafi da Yunus da Ɗaha, farkon Saffati, sai Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma kowane harafi yana fita. Auta ba ta yi ihu ba, ba ta birgima ba. Hawaye kawai take yi a hankali, irin kukan da ban ga ta yi ba ko ranar jana'iza.

Da ya gama ya ce, "Malama, ni ban ga alamar shafa ba. Ban ce babu ba, gaibu sai Allah. Amma abin da kika kwatanta ya fi kama da farfaɗiyar da likitoci ke magani. Ku je asibiti a makon nan, kada ku jira ta sake faɗuwa." Ya ce malamai irin su Ibnul Ƙayyim tun da daɗewa sun kasa farfaɗiya gida biyu, wadda ke zuwa ta dalilin miyagun ruhohi da wadda asalinta daga jiki ne, kuma wanda ya mayar da duka biyun abu guda ya zalunci marar lafiya. Ya tuna mana matar nan da Ibnu Abbas ya nuna wa Aɗa'u ya ce ga 'yar Aljanna, wadda ta kai kukan farfaɗiyarta ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙa a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ta faɗi, aka kuwa yi mata.

Na fito wurin raina wani iri. Na zo ne a ce min ga aljani, an ƙona shi, mu tafi gida. Sai daga baya na gane mutumin nan ya ƙi kuɗin da da hannuna zan miƙa masa. Da ya ce min zama goma za a yi, wallahi da na biya.

Zuwanmu na biyu da Gwaggo muka je, don ta ce ba ta yarda ba sai ta ji da kunnenta. Ta gyara zama ta ce, "Allah ya gafarta Malam, to uwar fa? Yarinya ta ce tana jin ta a bayanta." Malam ya karanto mata ayoyi biyu na Suratul Muminun, ta 99 da ta 100, inda wanda mutuwa ta zo masa yake roƙon a mayar da shi duniya, aka ce a'a, akwai shamaki a bayansu har ranar da za a tashe su. Ya ce shaiɗani yana iya shigar kamar mamaci don ya firgita mutane, kewa ma tana iya sa mutum ya ji motsin wanda ya rasa, amma ita baiwar Allah tana inda take, ba ta yawo a tsakar gidan kowa. Sannan ya faɗi maganar da har yanzu idan na tuna sai idona ya ciko. Ya ce, "Hajiya, matar da ta haife su ta raine su, kada ku mayar da ita abin tsoro. Ku buɗe ɗakinta. In tana da bashi ku biya, ku yi mata sadaka, 'ya'yanta su yi mata addu'a. Abin da take buƙata daga gare ku ke nan." Gwaggo ba ta ce ta gamsu ba, amma a daren ta miƙo min makullin.

Mun je Asibitin Malam Aminu Kano. Aka yi mata gwajin nan da ake manna wayoyi a fatar kai a ga yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, likita ya tabbatar farfaɗiya ce. Ya ce ƙaurin da take ji da motsa bakin duk daga cikin ciwon suke, kuma rashin barci yana daga abin da ke tayar da shi, ga yarinya ta yi makonni ba ta runtsa ba a wajen jinya. Ya ɗora ta a kan ƙwaya safe da dare. A wurinsa na ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 50 ke da wannan ciwo, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan aka gano shi aka ba su maganin da ya dace. Ba a ɗaukar sa ta yawu. Idan mutum ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa ruwa, in ya wuce minti biyar yana jijjiga a garzaya asibiti. Mu kuwa ranar farko har man ja aka ɗura mata.

Ba mu daina zuwa cibiyar ba, don karatun yana kwantar wa Auta da hankali, tana samun barci a ranar. A nan ne na ga sauran fuskokin wurin.

Kantinsu yana da kaya masu kyau. Zumarsu ta fi duk wadda na saba saye a bakin tasha, ba ta da ɗanɗanon sukarin da aka dafa. Man zaitun da habbatus sauda da hulba farashinsu bai wuce na kasuwa da yawa ba. Maigidana ya yi ƙaho a wurin, a gabansa aka yage sabuwar reza, mai yin ya sa safar hannu. Garin magarya da ake wanka da shi, Malam da bakinsa ya ce min batun ganye bakwai ɗin nan abin da magabata suka jarraba ne, kada in ɗauke shi a matsayin hadisi. Na ji daɗin wannan gaskiyar.

Amma yaran kantin ba halin Malam gare su ba. Shi ya rubuta mana ruwan tofi da man zaitun kawai. Da na miƙa takardar sai yaron ya jero min wani abu da suke kira haɗin aljanu, kwalabe biyar da ƙullin turare, naira 18,000, ya ce in ba a haɗa da wannan ba aiki ba ya ci. Na juya kwalaben, babu lambar NAFDAC, hukumar da ke kula da ingancin abinci da magunguna, babu ranar da aka haɗa, babu bayanin abin da ke ciki. A ƙofar kantin kuma ga ƙaton allo an jera ciwon suga, hawan jini, sikila, ciwon hanta, rashin haihuwa. Na yarda da hadisin Abu Huraira cewa a cikin habbatus sauda akwai waraka daga kowace cuta ban da mutuwa. Amma hadisin bai ce kwalbar wane ba, kuma wanda ya faɗe shi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi ne ya ce bayin Allah su nemi magani. Wata tsohuwa da muka zauna benci ɗaya ta gaya min ta ajiye ƙwayar hawan jininta wata biyu saboda wannan allon. Mafi muni, wani yaron ya ce wa Auta ƙwayar asibiti lallaɓa aljani kawai take yi. Likita ya riga ya gargaɗe mu cewa yanke maganin nan farat ɗaya yana iya jawo faɗuwar da ta fi ta da tsanani. Na koma ciki na gaya wa Malam. Ya sa aka kira yaron, ya yi masa faɗa sosai a gabana, ya ce ran mutum yake wasa da shi. Na yaba. Sai dai allon yana nan har yau.

Ba na cikin masu cewa haramun ne a karɓi kuɗin ruƙiyya. Sahabban da suka yi wa shugaban wata ƙabila tofi da Fatiha lokacin da abu ya harbe shi, garken tumaki aka ba su, kuma Annabi ya amince har ya ce a sa masa rabo. Malam ba ya yanka farashi bayan kuɗin kati, abin da ka ba shi ke nan. Amma kowa ya zauna ya lura zai ga kantin ne ke riƙe da wurin, kuma mai sayar da magani ba ya son jin cewa lafiyarka ƙalau.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne ɗakin ruƙiyyar taro na mata. Sau biyu na shiga, ban sake ba. Mata kusan arba'in a ɗaki ɗaya, an ƙure lasifika, almajiran Malam ne ke karatu. Da ɗaya ta ƙwalla ƙara sai na kusa da ita su ɗauka. Ni malamar makaranta ce, na ga irin wannan a ajin 'yan mata, ɗaya ta faɗi biyar su bi ta. Ban ce duka tsoro ne ba, na ga wata da muryarta ta canza har tsigar jikina ta tashi. Amma ko ma mene ne, mata ne ke birgima, hijabi na zamewa, zani na kwancewa, ga maza a tsaye. Matar nan ta zamanin Annabi ta haƙura da ciwon, abin da ba ta haƙura da shi ba shi ne tsiraici. An manna takarda an hana ɗaukar hoto, amma da idona na ga wani almajiri ya ɗaga waya, kuma duk mun san irin bidiyon da ke yawo a TikTok da Facebook.

Sai tambayar nan da almajiran ke yi wa aljanin, ta "Wa ya turo ka?" Murya ta amsa ta ce kishiya ce, ko uwar miji. Na ga 'yan uwan wata mata sun fita suna huci suna rantsuwa. A hadisin Abu Huraira da ɓarawon abincin zakka, ko da shaiɗanin ya faɗi gaskiya a kan Ayatul Kursiyyu sai da Annabi ya ce shi maƙaryaci ne. To a kan maganar maƙaryaci za a raba zumunci, a kashe aure? Malam yana cewa kada a gaskata su. In haka ne, ya hana almajiransa yin tambayar.

Duka da mari kam ban gani ba, kuma na duba, domin ban manta abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan gyaran tarbiyya da ke Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 ba, mutum fiye da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Wata rana an kawo wani saurayi ɗaure da igiya yana surutai. Malam ya sa aka sassauta masa, ya yi masa karatu, sannan ya ce wa iyayen su wuce da shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a ranar.

A wata na huɗu Malam ya ce mu rage zuwa. Ya ce Annabi da kansa yake yi wa kansa tofi, kowane dare ya haɗa tafukansa ya karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ya shafe jikinsa sau uku, kuma a ciwonsa na ƙarshe Nana A'isha ce ke karanta masa tana shafa masa da hannunsa. Ya ce shaiɗan yana gudun gidan da ake karanta Baƙara, kuma ba a ce sai malami ne zai karanta ba. Sai ya dube ni ya ce, "Malama, tun da mahaifiyarku ta rasu, wa ke tashin yarinyar nan sallar Asuba? Wa ke duba ko ta ci abinci? Wa ya zauna ya ji abin da ke ranta?"

Ban iya amsawa ba. Wata biyu muka yi muna musu a kan fatalwa da sammu da mutanen ɓoye, kowa yana neman wanda zai ɗora wa laifi a ɓoye, yarinyar da uwarta ta cika a hannunta kuwa ba wanda ya tambaye ta yadda take kwana. Ni ce babba. Amanar a wuyana take, kuma na ɗauke ta ina yawo da ita gidan malamai ina neman wanda zan biya ya riƙe min. Azkar ɗin safe da yamma da Umma ke tara mu muna yi, ni ma na sake su tun ranar da aka fita da ita.

Yau wata bakwai Auta ba ta faɗi ba, alhamdulillahi. Tana shan ƙwayarta bakwai na safe da bakwai na dare, tana zuwa ganin likita idan ranarta ta zo. Kullum bayan Isha ina kiranta a waya mu yi Amanar Rasulu tare, ranar Juma'a kuma in je gidan mu karanta abin da ya sawwaƙa daga Baƙara. A ɗakin Umma take kwana yanzu, ita da Gwaggo. Gwaggo har gobe tana cewa takan ji takun ƙafa a tsakar gida da dare, na daina yi mata musu, ita ce kuma ke fara tuna wa Auta lokacin magani.

Wadda ta tambaye ni ko ta je, ina ce mata ta je, amma a tsakiyar mako da sassafe, da muharraminta, ta dage sai ta ga Malam babba shi kansa. Kada ta shiga ɗakin taro. Ta tafi da katin asibitinta, in ba ta da shi ta fara yankowa. A kanti ta sayi abin da aka rubuta mata kawai, kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba ta bar musu. Asabar mai zuwa zan koma sayen zuma, kuma zan sake yi wa Malam maganar allon nan na bakin ƙofa, da tsohuwar da ta ajiye ƙwayar hawan jininta.